Abinci da Abin Sha na Uwa Mai Shayarwa

Shayar da jariri aiki ne da jikin uwa yake yi dare da rana, kuma kayan wannan aiki daga abin da ta ci da abin da ta sha suke fitowa. A watanni 6 na farko bayan haihuwa, mace mai shayarwa tana samar da kimanin mililita 750 zuwa 800 na nono a kowace rana, wato kusan kashi uku cikin huɗu na lita ɗaya. Tun daga shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har tsawon watanni 6, sannan a ci gaba da shayar da shi tare da wasu abinci har ya cika shekara 2 ko fiye, kuma Nijeriya ta ɗauki wannan shawara a matsayin manufarta. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya ya nuna cewa jariran da ke samun nono zalla sun ƙaru daga kashi 13 cikin 100 a 2008 zuwa kashi 17 a 2013, sannan kashi 29 a 2018. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa iyaye mata su fara ba jariri ruwa ko koko da wuri shi ne tsoron cewa nononsu ba ya isa, ko ba shi da kyau saboda ba su samun abinci mai tsada. Wannan bayani ya yi magana ne a kan abin da mai shayarwa take buƙata a zahiri, wanda mafi yawansa yana nan a kasuwanninmu da gonakinmu.

Yadda abincin uwa ke shafar nono

Abin da ya fi komai ƙayyade yawan nono shi ne tsotson jariri. Duk lokacin da ya kama mama, jikin uwa yana sakin sinadarin firolaktin wanda ke sa a samar da nono, da kuma oksitosin wanda ke sa nonon ya zubo. Idan ana yawan ba shi, har da dare, nono yana ƙaruwa; idan aka rage ba shi saboda an cika masa ciki da ruwa ko madarar gwangwani, nono yana ja da baya ko da uwar tana cin abinci mafi kyau.

Jikin mace yana fifita jariri a kan kansa. Ko da abincinta ya gaza, nononta yakan ci gaba da zuwa da furotin da sukari da kalsiyam kusan daidai da na wadda ke cikin wadata, domin jikin yana ɗiban abin da ya rasa daga kitsenta da tsokarta da ƙashinta. Sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai sannan yawan nonon yake raguwa sosai. Saboda haka mace matalauciya ba ta da dalilin ƙin shayarwa don tsoron nononta ba shi da amfani. Sai dai kuma wannan yana nufin idan ba ta ci ta ƙoshi ba, ita ce take biyan bashin da jikinta: ta rame, jininta ya ragu, ƙarfinta ya tafi, ta shiga ciki na gaba a gajiye. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma rukunin sinadarai da yawansu a cikin nono yake bin abin da uwa ta ci kai tsaye. Daga cikinsu akwai bitamin A, da bitamin B1, B2, B6 da B12, da aidin, da seleniyam, da kuma irin kitsen da ke cikin nonon. Idan waɗannan suka yi ƙaranci a abincin uwa, za su yi ƙaranci a wajen jariri, wanda ba shi da wata hanyar samun su a watannin farko. A nan ne ingancin abinci yake da muhimmanci, ban da yawansa.

Yawan abincin da ake buƙata

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2004 ya ƙiyasta cewa mai shayarwa da ke da ƙoshin jiki tana buƙatar ƙarin kalori kimanin 500 a rana a watanni 6 na farko, wadda kuma ta haihu a rame tana buƙatar kimanin 675. Wannan ya zarce ƙarin da ake buƙata a yawancin watannin goyon ciki. Ta fuskar furotin, wato sinadarin gina jiki, ƙarin ya kai kimanin giram 19 a rana a watanni 6 na farko, sannan ya sauka zuwa kimanin giram 13 bayan jariri ya fara cin abinci.

Idan aka mayar da waɗannan alƙaluma zuwa kwano, abin bai kai yadda ake zato ba. Ma'aikatan lafiya sukan taƙaita shi da cewa mai shayarwa ta ci abincinta sau uku kamar yadda ta saba, sannan ta ƙara ƙananan ci biyu a tsakani. Alal misali, giram 100 na gyaɗa yana ɗauke da kalori fiye da 550 da furotin kimanin giram 25. Ƙwai ɗaya yana da kalori kimanin 70 da furotin giram 6. Kofin kunun gyaɗa mai kauri da hantsi, da alale ko ƙosai da la'asar, sun isa su cike wannan giɓi ba tare da an sayi wani abu na musamman ba.

Abincin da ya kamata ya haɗu a kwano

Tushen abincinmu hatsi ne: gero, dawa, masara, shinkafa, acca da alkama, tare da doya, rogo da dankali. Su ne ke ba da ƙarfi, kuma tuwo, fura, kunu, dambu da fate duk sun dace da mai shayarwa. Hatsin da ba a surfe shi fiye da kima ba ya fi riƙe bitamin B1 da sinadarin ƙarfe, domin yawancinsu a dusa suke. Tsohuwar al'adar jiƙa gero ko dawa a bar su su yi tsami kafin a dama koko tana da fa'ida ta gaske, saboda jiƙon yana rage sinadarin da ke hana hanji tsotse ƙarfe da zink daga hatsi.

Matsalar da aka fi samu ita ce tuwo ya yi yawa, miya ta yi ƙaranci. Abin gina jiki ya kamata ya shiga kowane babban ci. Wake yana da furotin kimanin giram 23 a cikin giram 100 na busasshensa, waken suya kuma ya kai kimanin giram 36. Idan aka haɗa hatsi da wake, kamar a shinkafa da wake ko koko da ƙosai, furotin ɗinsu yana cike wa juna abin da ya rasa. Awara, ƙuli-ƙuli, gurjiya, riɗi, agushi da daddawa duk suna cikin wannan rukuni, kuma sun fi nama sauƙin kuɗi.

Duk da haka, abincin da ya fito daga dabba yana da abin da tsirrai ba su da shi. Bitamin B12, wanda ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jariri ke buƙata, ana samun sa ne a nama, kifi, ƙwai da nonon dabba. Ba sai an ci da yawa ba. Ƙwai ɗaya a rana, ko ɗan busasshen kifi da aka daka a miya, ko kofin kindirmo, yana kawo bambanci. Kifi irin su tarwaɗa, ƙarfasa da sadin yana ba da irin kitsen da ke taimaka wa ginin ƙwaƙwalwa da idon jariri, kuma cin sa sau biyu a mako abu ne mai kyau. Ƙananan kifaye da ake ci har da ƙayarsu suna ƙara kalsiyam.

Ganyaye da 'ya'yan itatuwa su ne aka fi rainawa, alhali sun fi komai araha. Zogale, alayyafo, rama, yakuwa, ganyen wake da kuka suna ba da bitamin A da folik asid da kalsiyam. Kwaɗon zogale ko na rama da aka haɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai abinci ne cikakke ga mai shayarwa. Ya fi kyau kada a dafa ganye har ya narke, kuma a rage zuba masa kanwa, saboda tana lalata wasu daga cikin bitamin ɗinsa. Mangwaro, gwanda, gwaiba, lemu, kankana da tumatir sai a ci wanda lokacinsa ya kama, domin a lokacin ne ya fi sauƙi.

Ƙarancin jini da sauran sinadarai

Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace takan shiga jego da jinin da ciki ya riga ya rage, haihuwa kuma ta ƙara zubar da wani, ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Alamominsa sun haɗa da jiri, saurin gajiya, bugun zuciya, da farin ido ko tafin hannu. Hanta, jan nama da kifi sun fi ba da sinadarin ƙarfen da jiki ke saurin karɓa. Na cikin wake da ganye yana shiga jiki da kyau idan aka ci shi tare da abu mai bitamin C, kamar lemu, gwaiba, tumatir ko garin ƙwallon kuka. Shayi kuwa yana hana shi shiga, don haka ya fi dacewa a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin shayi da babban abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ci gaba da ba mace ƙwayar ƙarin jini, ita kaɗai ko haɗe da folik asid, na tsawon mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Kuskure ne a ajiye ƙwayar da zarar an sauka lafiya. Duhun bahaya da take sawa ba cuta ba ne.

Aidin yana da muhimmanci ga girman ƙwaƙwalwar jariri, rashinsa kuma shi ke kawo maƙoƙo ga manya. Mai shayarwa tana buƙatar maikurogiram 250 a rana. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun 1993, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce amfani da gishirin leda mai rajistar hukumar NAFDAC, a ajiye shi a rufe nesa da rana da laima. Wannan ba izinin yawaita gishiri ba ne: abin da ake so shi ne ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi.

Bitamin A yana kare ido, yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Rashinsa ne ke kawo dundumi. Ana samun sa a manja, hanta, gwaiduwar ƙwai, karas, kabewa, mangwaro, gwanda da dankalin Hausa mai launin lemu a ciki. Manjan da aka soya har ya washe ya rasa yawancin amfaninsa. Tun daga 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa da kamfanoni ke sarrafawa a Nijeriya, kuma ana gane su da tambarin ido a jikin mazubinsu. A da akan ba mai jego ƙwayar bitamin A mai ƙarfi sau ɗaya bayan haihuwa, amma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar yin haka ga kowa da kowa, ta mayar da hankali ga abinci.

Game da kalsiyam, buƙatar ita ce kimanin miligiram 1,000 a rana. Ƙashin mace yakan ɗan rage nauyi a lokacin shayarwa, sannan ya dawo bayan yaye. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kimanin miligiram 300. Sharaɗi ɗaya shi ne nonon shanu ya kasance an tafasa shi kafin a sarrafa, saboda ɗanye yana iya ɗaukar ƙwayoyin tarin fuka na shanu da wasu cututtukan.

Ruwa da sauran abin sha

Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa ƙishirwa take kama mace da zarar ta fara ba da mama. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ta sha duk lokacin da ta ji ƙishi, ta kuma ajiye kofin ruwa kusa da inda take zama ta shayar. Yawanci abin da ake buƙata yana kaiwa wajen lita 3 a rana idan aka haɗa da ruwan da ke cikin kunu da miya, ya kuma ƙaru a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40. Launin fitsari shi ne ma'auni mafi kusa: idan ya yi haske, ruwan ya isa, idan ya yi ja ko ya ragu, a ƙara. Tilasta wa kai shan abin da ya wuce ƙishi ba ya ƙara nono. Ruwan sanyi na randa ba ya cutar da mai jego kuma ba ya sa wa jariri mura, muddin mai tsabta ne. Wanda aka ɗebo daga rijiya ko rafi a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Uwa ce za ta sha ruwan, jariri ya samu ta cikin nono. Kafin watanni 6 ba ya buƙatar ruwa ko da a tsakiyar bazara ne. Ba shi ruwa yana cika ƙaramin cikinsa, yana rage tsotso, yana kuma buɗe ƙofar gudawa.

Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun aya, koko, fura da nono da zoɓo duk sun dace idan an yi su da ruwa mai tsabta kuma ba a cika sukari ba. Lemun kwalba da na gwangwani da ake yawan kawo wa mai jego a matsayin tsaraba yawancinsu ruwa ne da sukari. Kuɗin katan ɗaya zai sayi ƙwai da wake da kifin da za su fi amfanar ta nesa ba kusa ba.

Al'adun jego: abin riƙewa da abin gyarawa

Al'adar Hausawa ta tanadar wa mai jego kulawa ta kwana 40, kuma akwai hikima a cikinta. Ana ɗauke mata aikin gida, wata babbar mace ta zauna da ita ko ta tafi gidan iyayenta wanka, ana dama mata kunu, a gasa mata nama, a dafa ƙauri, a yi mata farfesun kaza ko zabo. Hutu da abinci mai gina jiki su ne ainihin abin da likita ma zai ce a ba ta. Yajin jego mai citta, kanumfari, masoro da kimba ba shi da laifi idan ba a wuce kima ba, yana ma buɗe mata sha'awar cin abinci. Gyaran da ake so a nan shi ne kada kulawar ta tsaya ranar suna ko ranar arba'in, alhali shayarwar za ta ɗauki shekara biyu.

Abin da ke buƙatar duba na musamman shi ne kunun kanwa. Kanwa gishiri ce mai yawan sodiyam, kuma sodiyam yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau, zuciya ta ƙara aiki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, waɗanda suka haɗa da Davidson da Parry, sun bayyana yawan ciwon gazawar zuciya da ke kama mata a makonnin da ke biyo bayan haihuwa a wannan yanki, inda aka ƙiyasta yana samun kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna akwai wasu dalilan masu ƙarfi, kamar ƙarancin seleniyam a jiki, da rama, da hawan jini na lokacin ciki, da talauci. Ko ta wace fuska aka duba, zuciyar da ta ɗauki nauyin ciki wata tara ba ta buƙatar a ƙara mata lodin gishiri. Amfanin da ake gani a kunun daga geron ne da ruwan. Ana iya dama shi da tsamiya ko gyaɗa a samu wannan amfani ba tare da kanwa ba. Macen da aka taɓa gaya mata tana da hawan jini, ko ta yi jijjiga lokacin haihuwa, ko ƙafafunta suka kumbura, wajibi ne ta bar kunun kanwa gaba ɗaya. Ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi wanda fata za ta iya jurewa.

Wata al'adar da ya kamata a bari ita ce zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har sai "nono mai kyau" ya zo. Dakashi yana cike da sinadaran kariya da bitamin A, kuma ana so a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. Babu wani abin da uwa za ta sha don wanke nononta kafin ta fara shayarwa.

Akan kuma ba mai jego hulba ko zogale da nufin kawo ruwan nono. A matsayin abinci ba su da laifi, zogale ma ganye ne mai amfani ƙwarai, amma babu ɗayansu da zai maye gurbin yawan sa jariri a mama da gyara yadda yake kamawa. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba tare da an san abin da ke cikinsu ba, waɗannan a nisance su, domin abin da ke cikinsu yana iya ratsawa ya kai ga jariri.

Abubuwan da za a rage ko a guje musu

Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi, shayi, goro da abubuwan sha masu ƙara kuzari yana shiga nono kaɗan, kuma jikin jariri sabon haihuwa yana ɗaukar kwanaki kafin ya fitar da shi. Iyakar da aka fi ambata ita ce miligiram 200 zuwa 300 a rana, wato kimanin kofi biyu na kofi. Idan jariri ya cika kuka da rashin barci, a duba yawan shayi da goron da uwar ke ci.

Giya da burkutu suna shiga nono daidai da yadda suke cikin jinin uwa, suna kuma rage zubowarsa. Taba da shisha suna rage nono, hayaƙinsu kuma yana jawo wa jariri ciwon ƙirji, ko da maigida ne yake sha a cikin ɗakin. Kodin da tiramadol suna iya sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke saye a kemis don su murmure bayan haihuwa suna da haɗari ga uwa da ɗa. Duk lokacin da za a rubuta wa mace magani, ta shaida wa ma'aikacin lafiya cewa tana shayarwa. Yawancin magungunan yau da kullum, kamar farasitamol, ba su hana shayarwa.

Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma wani sashenta yana fita ta nono. Dafuwa ba ta kashe ta. A tsince waɗanda suka ruɓe, suka canza launi ko suke ɗaci a zubar, a shanya amfanin gona ya bushe sosai kafin a adana. Wake kuma da aka zuba wa maganin ƙwari a wanke shi da kyau, wanda ke warin magani a bar shi.

Ban da waɗannan, babu wani abinci na halal da aka hana wa mai shayarwa baki ɗaya. Ƙwai, wake, kuɓewa da kifi ba su ɓata nono. Idan aka lura wani abinci yana sa jariri ƙuraje, amai ko jini a kashi duk lokacin da uwa ta ci shi, kamar yadda yakan faru ga ƙalilan daga cikin jarirai da madarar shanu, sai a kai shi asibiti kafin a yanke hukuncin daina ci. Mai son rage ƙiba kuma kada ta yi ta hanyar ƙin cin abinci. Raguwar da ba ta wuce rabin kilo a mako ba ba ta taɓa nono.

Azumi da yanayi na musamman

Shari'ar Musulunci ta yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumin Ramadan idan tana tsoron cutuwa ga kanta ko ga ɗanta, bayanin ramuwa ko ciyarwa kuma yana wajen malamai. Ta fuskar lafiya, an fi jin tsoron azumi ga wadda jaririnta bai kai wata 6 ba, musamman idan watan ya faɗo a lokacin zafi. Wadda ta zaɓi yin azumi ta rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ta jinkirta sahur ta kuma sa masa abu mai riƙe ciki kamar wake, ƙwai ko fura da nono. Idan ta ji jiri mai tsanani, ko jariri ya rage fitsari zuwa ƙasa da sau 6 a yini da dare, alama ce ta cewa ruwan bai isa ba.

Mai tagwaye tana iya shayar da su duka, amma buƙatarta ta abinci da ruwa ta fi ta mai ɗa ɗaya sosai. Yarinyar da ta haihu tana ƙasa da shekara 18 tana ciyar da jariri alhali jikinta bai gama girma ba, don haka ta fi kowa buƙatar ƙari. Wadda ta yi kwanika ba dole ne ta yaye ɗanta nan take ba, domin ciki ba ya mayar da nono guba. Abin da take buƙata shi ne ƙarin abinci da zuwa awo da wuri. Wadda aka yi wa tiyata za ta koma cin abincinta da zarar likita ya ba da izini, kuma furotin yana taimaka wa ɗinkin ya warke. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau tana shayarwa bisa tsarin asibiti matuƙar tana shan maganinta kullum ba fashi. Mai ciwon sukari ko sikila ta nemi tsarin abincinta daga likitan da ke duba ta.

Nauyin da ke kan maigida da iyali

A gidaje da yawa mace ce ke girki, ita ce kuma ta ƙarshe wajen ci, bayan an zuba wa maigida da baƙi da yara. Mai shayarwa ya kamata a ware mata rabonta tun a tukunya, har da nama ko kifin da ke cikin miya. Maigida shi ke cefane a mafi yawan gidaje, saboda haka sanin abin da zai sayo ya rataya a wuyansa: mudun wake, gyaɗa, ƙwai, busasshen kifi, manja da ganye sun fi kayan gwangwani amfani. Bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida da 'yan kaji suna rage kashe kuɗi. Ga ma'aikata mata, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12, da kuma rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma aiki.

A garzaya da mai jego asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa idan aka ga haki ko numfashi da ƙyar musamman in ta kwanta, kumburin ƙafa ko fuska, tari da daddare, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ko kumburi mai zafi a mama. Haka kuma idan tana ramewa duk da tana cin abinci, ko ta daina sha'awar ci da barci tana yawan kuka. Ana duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na 6, kuma a waɗannan ziyarce-ziyarce ne ake auna jininta da nauyin jariri, a kuma ba ta ƙwayar ƙarin jini idan tana buƙata.